Daga Ina Yaƙi Yake Tasowa, Kuma Me Allah Yake Nufi Da Shi?

Wani ɗan'uwa ya turo tambaya. Ya ce wa'azi iri uku yake ji a kan yaƙi: wani mai wa'azi ya ce bulalar Allah ce a kan masu zunubi, wani ya ce aikin Shaiɗan ne, wani kuma ya ce alamar ƙarshen zamani ce, sai a zuba ido. Ya ce, "Malam, wanne zan kama? Kuma jinin da ake zubarwa, yana da wata ma'ana a gaban Allah, ko asara ce kawai?"

Ɗan'uwa, duka ukun suna da ayar da suka jingina da ita, shi ya sa suke shiga kunne. Amma akwai abin da suka yi tarayya a kai wanda ya sa nake ɗari-ɗari da su idan aka faɗe su haka tsirararsu: kowannensu yana kai dalilin yaƙi can nesa da mai magana. Laifin na wasu masu zunubi ne, ko na Iblis, ko na lokaci. Littafi Mai Tsarki kuwa, a wurin da ya yi tambayarka kai tsaye, kusa ya kawo amsar. Yakubu, a farkon sura ta 4 ta wasiƙarsa, ya tambaya daga ina yaƙe-yaƙe da faɗace-faɗace suke fitowa, ya kuma amsa da kansa cewa daga sha'awace-sha'awacen da suke yaƙi a cikin jikinmu ne: muna kwaɗayi ba mu samu ba sai mu yi kisa, muna ƙyashi mun kasa cim ma abin sai mu ta da husuma. Ka lura da waɗanda yake rubuta wa. Masu bi ne, 'yan ikkilisiya, ba sarakunan arna ba. Duk wani bayanin ruhaniya game da yaƙi da zai bar ka kana ganin hannunka fari tas, maƙiyinka kuma shi ne Shaiɗan da kansa, ka yi shakkarsa tun daga tushe.

Jinin farko da ya zuba a Littafi Mai Tsarki, a kan maganar baiko ya zuba. Kayinu da Habila sun kawo baiko, aka karɓi na ɗaya ba a karɓi na ɗayan ba, fuskar Kayinu ta murtuke. Babu iyakar ƙasa tsakaninsu, babu bambancin harshe, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Allah ya gargaɗe shi tun bai ɗaga hannu ba, ya ce zunubi na fako a bakin ƙofa, amma dole ya rinjaye shi. Wato zaɓi yana nan har zuwa ƙarshe. Bayan zuriya kaɗan sai ga Lamek yana yi wa matansa kirari cewa ya kashe mutum don ya yi masa rauni, kuma in za a rama wa Kayinu sau 7, shi sai an rama masa sau 77. A nan ne kisa ya tashi daga abin kunya da ake ɓoyewa ya zama abin taƙama da ake rera wa waƙa. Kafin a kai sura ta 6 ta Farawa, duniya ta cika da ta'addanci. Wannan hanyar, daga ƙyashi zuwa kisa, daga kisa zuwa ramuwar da ta wuce laifi, daga ramuwa zuwa kirari, ita ce hanyar da yaƙe-yaƙe suke bi har yau, ko da makaman sun canja.

Za ka ce ai masana suna faɗin dalilai na zahiri: ƙasa, ruwa, ma'adinai, talauci, zalunci da ya daɗe. Gaskiya ne, kuma tauhidin kirki ba ya musun ko ɗaya. Mai wa'azin da zai ce a manta da zalunci a yi addu'a kawai ya saɓa wa annabawa. Amma ƙarancin abu shi kaɗai ba ya kashe kowa. Ibrahim da Lutu ƙasa ta yi musu kaɗan, makiyayansu suka fara rikici, Ibrahim ya ce kada husuma ta shiga tsakaninmu, mu 'yan'uwa ne, zaɓi inda kake so. Shi ne babba, shi ke da alkawari, shi ya bar wa ƙarami zaɓi. Ishaku ya haƙa rijiya aka ƙwace, ya haƙa wata aka yi jayayya, ya matsa gaba ya haƙa ta uku. Matsalar ɗaya ce da wadda take jawo yaƙi a wasu wurare, zuciyar da ta tarbe ta ce daban. Abin da tauhidi yake tambaya ke nan: me ya sa rashi yake zama kisa a hannun wani, ya zama sulhu a hannun wani?

Agustin, bishop na Hippo a Afirka ta Arewa, ya ba wannan ciwo suna: sha'awar mallake wasu. Ya ce mai wannan sha'awa shi ma bawanta ne, tana mulkinsa yayin da yake mulkin mutane. Ya kawo labarin ɗan fashin teku da aka kama aka kai gaban Iskandari Mai Girma, sarki ya tambaye shi dalilin da ya sa yake addabar teku, shi kuwa ya ce abin da kake yi wa duniya nake yi, ni don jirgina ƙarami ne ake ce mini ɗan fashi, kai don rundunarka babba ce ake ce maka sarki. A wani wuri Agustin ya ce ainihin mugun abu a yaƙi shi ne son cutarwa, muguntar ramuwa, zuciyar da ba ta huce wa, da kwaɗayin iko. Ban yarda da shi a inda ya sauƙaƙa maganar mutuwar kanta ba, domin ran mutum ba ƙaramin abu ba ne a gaban wanda ya yi shi cikin kamanninsa. Amma ya ga inda ciwon yake.

Ƙarƙashin wannan sha'awa kuma akwai bautar gumaka. Habakuk ya ce da Kaldiyawa, wato mutanen Babila, ƙarfinsu shi ne allahnsu, suna miƙa hadaya ga tarunsu domin shi yake kawo musu abinci mai maiƙo. Al'umma takan kai matsayin da tutarta, jininta ko makamanta suka hau kujerar da ta Allah ce, gunki kuwa ba ya ƙoshi sai da hadayar mutane. Abin baƙin ciki shi ne ikkilisiya ta sha durƙusa wa wannan gunki da sunan Yesu a bakinta. A 1914, farkon Yaƙin Duniya na Ɗaya, masana 93 na Jamus suka sa hannu a takardar goyon bayan yaƙin ƙasarsu, cikinsu har da manyan malaman tauhidi irin su Adolf von Harnack. Karl Barth, wanda yake ƙaramin fasto a Suwizalan a lokacin, ya ga sunayen malamansa a ciki, ya gane cewa tauhidin da ba zai iya ce wa sarki a'a ba akwai ɓaraka a gindinsa. Sojojin Jamus suna ɗauke da rubutun "Allah yana tare da mu" a kan ƙarfen ɗamararsu, a ɗaya gefen fagen fama kuma ana yi wa sojojin Ingila da Faransa wa'azi irin wannan. A Ruwanda a 1994, ƙasar da mafi yawan mutanenta Kiristoci ne, an kashe dubban mutane a cikin majami'un da suka gudu don neman mafaka, irin su Ntarama da Nyamata, kuma da yawa daga masu kisan mutanen da aka yi wa baftisma ne. Mai bi ba shi da damar karanta wannan ya ce matsalar yaƙi tana wurin marasa bi.

Yanzu maganar Shaiɗan. Na gaskata da ita, ba kuma a matsayin misali ba. Yesu ya kira shi mai kisankai tun farko, uban ƙarya. Daniyel sura ta 10 ta nuna cewa bayan mulkokin duniya akwai ikokin da ido ba ya gani. Duk wanda ya karanta yadda maƙwabta masu gaisawa kullum suke wayar gari suna yanka juna ya san akwai abin da ya fi jimillar muguntar mutum ɗaya-ɗaya, wani irin hauka da ke sauka a kan jama'a gaba ɗaya. Amma sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Iblis ba ya ƙirƙiro ƙyashi a zuciyar da babu shi, hura wanda ya tarar yake yi, kuma makaminsa na farko ƙarya ce. Duba 1 Sarakuna 22. Shekara 3 babu yaƙi tsakanin Isra'ila da Suriya, sai Ahab sarkin Isra'ila ya ce garin Ramot-gileyad namu ne, me ya sa muke zaune? Ya tara annabawa wajen 400, duka da murya ɗaya suka ce haura, nasara taka ce. Ɗayansu, Zadakiya, har ƙahonin ƙarfe ya ƙera don nuna yadda za a tunkuyi abokan gaba. Mikaiya kaɗai ya ce ya ga Isra'ila a warwatse a kan duwatsu kamar tumakin da ba makiyayi, ya kuma bayyana cewa ruhun ƙarya ne ya shiga bakin annabawan. Nassin bai ɓoye ba cewa da izinin Ubangiji ruhun ya tafi, amma Ahab ya riga ya yanke shawara kafin ya tambaya, ya kuma ji gaskiya ƙarara daga bakin Mikaiya ya ƙi ta. Aka mari annabin aka jefa shi kurkuku. Ahab ya ɓad da kama ya shiga fage, wani ya harba kibiya ba da saiti ba ta same shi a mahaɗin sulke, kafin faɗuwar rana ya mutu. Ruhun ƙarya a wannan labari ta bakin masu wa'azi ya yi aiki, abin da ya kamata ya tsorata duk wanda yake hawa mumbari a lokacin yaƙi.

Ayar da aka fi jawowa a nan ita ce Afisawa 6:12, kuma sau da yawa a juye ake amfani da ita. Bulus ya ce kokawarmu ba da nama da jini ba ce, da ikoki ne da mugayen ruhohi. Ma'anarta a fili take: mutumin da ke gabanka, komai muguntarsa, an cire shi daga jerin maƙiyanka na ƙarshe. Shi ma kamamme ne, kuma Almasihu ya mutu dominsa. Makaman da Bulus ya lissafa su ne gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, maganar Allah da addu'a. Wanda ya ɗauki ayar ya ce wata ƙabila ko wani addini su ne aljanun da za a share daga doron ƙasa, ya yi wa Iblis aikin da yake so da ayar da aka rubuta don yaƙarsa.

Sai batun hukunci, inda nake so ka fi natsuwa, domin a nan ne masu bi suka fi raunata juna. Annabawa sun faɗa ba kwana-kwana cewa faɗuwar Samariya a hannun Assuriya wajen 722 kafin haihuwar Almasihu, da rushewar Urushalima a hannun Babila wajen 586, hukuncin Allah ne. Ishaya 10 ya kira Assuriya sandan fushin Ubangiji, Irmiya ya kira Nebukadnezzar bawansa. Ba za mu goge wannan ba. Allah yana mulkin tarihi, kuma al'ummar da ta gina birninta da jini za ta girbi abin da ta shuka. Amma ka ci gaba da karanta surar Ishayan. Ta ce Assuriya ba haka take nufi ba, burinta hallakarwa ce kawai, kuma in Ubangiji ya gama aikinsa zai hukunta girmankan sarkinta. Zama sanda a hannun Allah bai wanke ta ba. Habakuk kuwa bai yi shiru ba, ya ce wa Allah idanunka sun fi ƙarfin kallon mugunta, don me ka yi shiru mugu yana haɗiye wanda ya fi shi adalci? Allah bai tsawata masa don wannan tambaya ba. Amos a surori biyu na farko ya jera laifuffukan da al'ummai suka yi a fagen fama, Dimashƙu da ta sussuke Gileyad da ƙarfe, Ammonawa da suka tsaga cikin mata masu juna biyu don faɗaɗa iyakarsu, kuma masu sauraronsa suna cikin jin daɗi sai ya juyo kan Yahuza da Isra'ila. Haka annabcin gaske yake: yana ƙarewa a ƙofar gidan mai saurare.

Akwai kuma bambanci babba tsakaninmu da su. Ishaya an faɗa masa, ni da kai ba a faɗa mana ba. Da aka kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya gauraya jininsu da hadayunsu, ya tambaya ko kuna tsammani sun fi sauran Galilawa zunubi? Ya ce a'a. Ya ƙara da mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya sake cewa a'a, amma in ba ku tuba ba duk za ku hallaka. Ya hana mu auna zunubin mutane da yawan gawarwakinsu, ya mayar da tambayar kanmu. Saboda haka wanda zai tsaya gaban gwauruwar da aka kashe wa miji ya ce zunubin garinku ne ya jawo, ya faɗi abin da Ubangijinsa ya ƙi faɗa. Lokacin da Alarik, sarkin ƙabilar Got, ya washe Roma a 410, arna suka ce don an bar gumakan kakanni ne, wasu Kiristoci kuma suka ruɗe don sun ɗauka Roma mai bi ba za ta taɓa faɗuwa ba. Agustin ya shafe shekara 13, daga 413 zuwa 426, yana rubuta amsa. Ya nuna cewa nagari da mugu wahala ɗaya suka sha, ya gaya wa matan da aka yi wa fyaɗe cewa laifin yana kan wanda ya aikata, ya kuma ce babu daular duniya da take daidai da mulkin Allah. Shi kansa ya rasu a 430 mayaƙan ƙabilar Bandalawa suna kewaye da garinsa. Abraham Lincoln, shugaban Amurka na lokacin yaƙin basasarta, wanda ba malamin tauhidi ba ne, ya fi fastoci da yawa na zamaninsa fahimtar wannan. A jawabinsa na Maris 1865, yaƙin basasar Amurka na dab da ƙarewa kuma nasara na hannunsa, ya ce ɓangarorin biyu Littafi ɗaya suke karantawa, Allah ɗaya suke roƙo, kuma in yaƙin hukunci ne saboda bautar da bayi, to a kan Arewa da Kudu duka ya sauka.

Na san za ka tuna da yaƙe-yaƙen Joshuwa. Nassosi ne masu nauyi, kuma masu bi na gaskiya suna kokawa da su tun zamanin iyayen ikkilisiya. Abin da zan tsaya a kai shi ne umarni ne na wani lokaci, ga wata al'umma, a wata ƙasa, ba a kuma miƙa shi ga ikkilisiya ba. A cikin littafin kansa, da Joshuwa ya ga mutum da takobi zare kusa da Yariko ya tambaye shi ko namu ne kai ko na maƙiyanmu, amsar ita ce a'a, ni shugaban rundunar Ubangiji ne, tuɓe takalmanka. Dauda ma, wanda ya yi yaƙe-yaƙen Ubangiji, an hana shi gina Haikali domin ya zubar da jini da yawa.

Maganar ƙarshen zamani gajeriya ce. Yesu ya ce za ku ji labarin yaƙe-yaƙe da jita-jitarsu, kada ku firgita, ƙarshen bai yi ba tukuna. Ya faɗa ne don ya kwantar da hankali, ya kuma ce ranar da sa'ar ba wanda ya sani. Faɗin cewa abu zai faru ba umarni ba ne a naɗe hannu, balle a yi murna da shi, domin bakin da ya faɗi wannan shi ne ya ce masu albarka ne masu ƙulla zumunci.

To, ma'ana fa? Yaƙi a kan kansa ba shi da tsarki. Ba ya wanke al'umma, ba ya fansar kowa. Majalisar Ikkilisiyoyi ta Duniya a taronta na farko a Amsterdam a 1948, shekara 3 bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta ce yaƙi ya saɓa wa nufin Allah, kuma na tsaya a kan wannan. Abin da bangaskiya take da shi shi ne cewa mugunta ba ta da ikon faɗin kalmar ƙarshe. Yusufu ya ce wa 'yan'uwansa kun nufe ni da sharri, Allah ya nufe shi da alheri, bai kuwa ce sharrin ya zama alheri ba. Inda wannan ya fi bayyana shi ne gicciye. Can duk abubuwan da muka ambata suka haɗu: ƙyashin shugabanni, tsoron gwamna, ƙaryar shaidu, ihun taro, sojojin daula, da Shaiɗan da ya shiga Yahuza Iskariyoti. Yesu yana da ikon kiran runduna fiye da 12 ta mala'iku, ya ce wa Bitrus mai da takobinka kube. Allah bai tsaya daga sama yana raba wa mutane azaba ba, ya shigo ya karɓi bugun a jikinsa, ya roƙa wa masu kisansa gafara, a rana ta uku kuma ya tashi. Bulus ya ce a kan gicciyen nan aka tuɓe wa ikoki makamansu, aka kuma rushe katangar gaba tsakanin Bayahude da Ba'al'umme. Lissafin Lamek na ramuwa, Yesu ya ɗauke shi ya ba Bitrus a matsayin lissafin gafara. Don haka idan ka tambaye ni ko jinin waɗanda aka kashe asara ne, zan ce Allah da ya ji kukan jinin Habila daga ƙasa yana jin nasu, zai tashe su, zai kuma yi shari'a. Amma ba zan ce maka mutuwarsu ta zama dole don wani shiri da ni na gano ba.

Saura tambayar da takan biyo baya, ko mai bi zai iya ɗaukar makami. Ikkilisiya ba ta taɓa zama baki ɗaya a kai ba. Tertuliyan, ɗaya daga cikin marubutan ikkilisiyar farko, ya ce da Ubangiji ya karɓe takobin Bitrus ya kwance wa kowane soja ɗamara, kuma a 295 an kashe wani saurayi mai suna Maksimiliyan a Tebessa, a Afirka ta Arewa, don ya ƙi shiga soja saboda bangaskiyarsa. Ɗarikun Kirista na Menonayit da Kwekas suna kan wannan hanya har yau. Wasu kuma suna duban Romawa 13, da yadda Yahaya Mai Baftisma bai ce wa sojoji su ajiye aiki ba sai dai su bar ƙwace da ƙazafi, da Karniliyus jarumin Roma da aka yi wa baftisma. Daga nan malamin tauhidi Toma Akwinas a ƙarni na 13 ya tsara sharuɗɗan yaƙin da ya halatta: hukuma ta halal, dalili na adalci, da niyya mai kyau. Ni ina ganin kare marar ƙarfi daga mai kisa aikin ƙauna ne da aka ɗora wa hukuma, kuma sojan da ya tsaya tsakanin mahara da yara ba mai kisankai ba ne. Sai dai waɗannan sharuɗɗa an yi su ne don takura wa masu mulki, kuma yaƙe-yaƙe kaɗan ne suke tsallake su in an auna da gaskiya. Iyayen ikkilisiyar da suka yarda da aikin soja ma ba su ɗauke shi abin biki ba. Basil bishop na Kaisariya ya ba da shawara cewa sojan da ya kashe mutum a fagen fama ya dakata da cin Jibin Ubangiji shekara 3, ba don ya lissafa shi cikin masu kisankai ba, sai don hannunsa ya taɓa jini kuma ransa na bukatar magani. A 390 kuma, bayan sojojin sarki Tiyodosiyus sun yi wa dubban mutanen Tasalonika kisan gilla, Ambros bishop na Milan ya hana sarkin teburin Ubangiji har sai da ya tuba a gaban jama'a, kuma sarkin ya tuba.